A Ƙirga Buhu Kafin a Karɓi Makulli

Duk wanda ya yi aiki da kwamfuta a Dakoro shekaru ashirin da 'yan kai da suka wuce zai tuna da shuɗin allon nan. Kana tsakiyar buga takarda, injin wuta ya yi tari sau biyu ya mutu, komai ya yi ɗif. An zuba mai, an tayar, ka danna maɓalli, sai Windows 98 ta ƙi buɗe maka. Wata 'yar manhaja mai suna ScanDisk ce za ta fito ta ce ba a kashe kwamfutar bisa ƙa'ida ba, don haka sai ta duba faifan ajiya tukuna. Sau nawa na danna wurin fita, saboda mai takarda yana tsaye a kaina kuma motar Maradi na shirin tashi! Na ci gaba da haka har ranar da na buɗe wata wasiƙa na tarar da rabinta ya koma tarkacen haruffa. Ranar ce na fara tambayar me wannan abu yake dubawa.

Faifan ajiya kamar mangaza ce mai littafi. Akwai gurabun da ake jibge kaya, akwai kuma jadawalin da ke cewa gurbi kaza na takarda kaza ne, gurbi kaza babu kowa. Ajiye takarda guda aiki ne mai matakai: a ware mata gurbi, a zuba ta, a rubuta sunanta a jadawali. In wuta ta ɗauke a tsakani, littafi da mangaza sun saɓa ke nan. Wani gurbin an rubuta yana da mai shi alhali ba sunan kowa a kansa. Mafi muni, takardu biyu su yi da'awar gurbi ɗaya, kamar mutum biyu da kowa ke riƙe da takardar gona guda. A lokacin ɓarnar ƙarama ce. Tana girma ne idan aka ci gaba da rubutu a kai, domin kowace sabuwar ajiya tana dogara da jadawalin da ya riga ya yi ƙarya.

Masu injinan farko sun sha wannan wuya. Faifan da IBM ya fitar a 1956 tarin faranti 50 ne, kuma haruffa kusan miliyan 5 kawai yake ɗauka. Na Seagate da ya fito a 1980 megabayit 5 ne, wanda hoto biyu ko uku na wayar yau za su cika. Irin waɗannan faifai na shekarun 1980 sukan zo da takarda manne a jikinsu, kamfani da kansa ya jera wuraren da suka lalace tun daga masana'anta, don mai saye ya shigar da su a guje musu. Ina ma dillalan kasuwar dabbobi za su yi haka! Wajen 1980 ne kuma masu tsarin Unix suka sami manhajar binciken faifai mai suna fsck, DOS ta zo da CHKDSK, sannan ScanDisk ta biyo a 1993.

Tsarin Unix ne ya fi burge ni. Idan aka kashe inji lafiya, yakan bar alama a faifai cewa an rufe da tsabta. Da ya tashi, alamar nan zai fara nema. In babu ita, zai buɗe faifan don karatu kaɗai, ba zai rubuta ko harafi ɗaya ba sai ya gwama jadawali da abin da ke ƙasa. Abin da ya tsinta ba mai shi kuma ba ya zubarwa. Akwai wani ɗaki mai suna lost+found da yake tara su, ya ba kowane lamba, kamar yadda ake ɗaure baƙuwar akuya a ƙofar maigari a yi cigiya.

Bankunan cimaka na karkararmu nake tunani duk lokacin da na tuna wannan. Bayan yunwar 2005 an buɗe su da yawa a garuruwan Dakoro da Kornaka da kewaye. Dabarar mai kyau ce: a sayi hatsi da kaka yana araha, a ajiye, a fitar da shi tiya-tiya da damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma ana tsakiyar noma. Wasu suna nan suna aiki, wasu sai gini da tsohon kwaɗo. Akan ɗora laifin a kan bashin da ba a biya ba da kuma fari, kuma gaskiya ne. Amma a ganina akwai wata rana guda da ba a kula da ita, ranar da makulli ya sauya hannu.

Ma'aji ba kullum yake sauka a tsanake ba. Wani ya tafi cirani Agadas ko Najeriya da asuba, wani ciwo ya kwantar da shi, wani an yi cacar baki ya jefar da makulli, wani Allah ya yi masa cikawa. Ɗaukewar wuta ke nan. Sai a kira wani a ce, "Malam, ga littafi, ga makulli, Allah ya taya riƙo." Shi kuma ya ja layi a ƙarƙashin rubutun wancan ya ɗora nasa. Littafi ya ce buhu tamanin, ba wanda ya shiga ya ƙirga. Akwai buhun da gara ta ci ƙasansa, akwai wanda aka ba gida biyu bashi aka rubuta ɗaya, akwai wanda aka dawo da shi ba a rubuta ba. Bayan wata takwas, lokacin da giɓin zai bayyana, ba mai iya cewa a hannun wa ya faru. Tsoho ya ce sabo ne, sabo ya ce haka ya tarar, dangi su rabu gida biyu.

Me ya hana ƙirgar? Kunya ce. A wurinmu, ka ce a auna abin da dattijo ya bari, kamar ka kira shi ɓarawo ne a bainar jama'a, balle in mamaci ne. A nan ne injin ya fi mu dabara. Binciken fsck ba ya jiran a yi zargi. Yanayin rufewar ne ke jawo shi, ko wane ne ya zauna a kujerar. A Linux ma, tsohon tsarinta yakan tilasta bincike bayan an kunna inji wasu adadin lokuta ko bayan wata shida, ko da kullum lafiya aka kashe shi. Abin da ake yi wa kowa a kan lokaci ba ya zama cin fuska ga kowa.

Kuma ba sai mun je Amurka ba. Ƙungiyoyin asusu na Mata Masu Dubara, waɗanda ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maradi a 1991, da irin wannan ɗabi'a suka yi ƙarko. Kafin a zuba ko dala, sai an tuna wa juna nawa aka bari a akwati a zaman da ya wuce, a buɗe, a ƙirga a gaban kowa. Da yawansu ba su shiga lakkol ba, kuma ban taɓa jin wadda ta yi fushi don an ƙirga ba. Mu maza masu littafi da biro ne muke jin nauyi.

Za a ce sauke buhu ɗari biyu a sake jerawa aikin yini ne. Haka ne, kuma masu kwamfuta ma sun koka da hakan, domin da faifai suka girma bincike ya koma cin sa'o'i. Maganin da suka samo shi ne inji ya fara rubuta abin da yake niyyar yi a wani ɗan littafi na gefe kafin ya taɓa ajiya. Haka tsarin ajiya na NTFS ya zo a 1993, haka na ext3 a 2001. In wuta ta ɗauke, layukan ƙarshe kawai za a duba. A mangaza fassararsa mai sauƙi ce: a rubuta suna da yawan tiya kafin a kwance bakin buhu, maimakon a bari sai dare a rubuta da ka.

Ga 'yan kwamitin da za su sayi hatsin bana, roƙona ɗaya ne. Kada buhun sabon hatsi ko ɗaya ya shiga mangaza sai an fito da na ciki an ƙirga, mai bayar da makulli ko wakilinsa yana tsaye, mai karɓa yana tsaye, maigari da liman suna gani. Abin da aka tarar babu suna a ware shi gefe a yi cigiya ranar Juma'a, sannan kowa ya sa hannu a ƙarƙashin adadin.