Hutun bana: a bar otel, a kama hanyar Damagaram

Duk lokacin da babban hutun makarantu ya ƙarato, shafukan Facebook da zaurukan WhatsApp sukan cika da tallan kamfanonin shirya tafiye-tafiye: kwana bakwai a Dubai, mako guda a bakin teku a Lome, otel da abinci da motar ɗauka duk cikin kuɗi ɗaya. Ma'aikata da 'yan kasuwa masu ɗan hali suna rububin su. Ba na ganin laifin wanda ya gaji yana son hutawa. Amma ra'ayina shi ne, ɗan Nijar da bai taɓa wuce Doso ba, ko ɗan Maraɗi da bai san Tawa ba, ya fi buƙatar tikitin bis da ƙaramar jaka fiye da ɗakin otel mai wurin wanka.

Me mutum yake saya in ya biya irin wannan hutu? Yana sayen katanga. An tsara masa lokacin karin kumallo, an zaɓa masa kantin da zai shiga, an ajiye masa direba. Mutanen garin da yake gani su ne masu gyara masa gado da masu kawo masa shayi, kuma aikinsu ne su yi masa murmushi. In ya dawo ka tambaye shi me ake ci a gidajen garin, ko me ke damun mutanen can, sai ya buɗe maka hotunan waya. Kuɗin kuwa sun tafi ga kamfanin jirgi da mai otel, ko dala ba ta faɗa hannun mai tuwo-tuwo ba.

A gwada da hanyar ƙasa mai lamba ɗaya. Daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne, kuma motocin Rimbo da STM da sauransu suna cinye ta a yini guda. Nan ne kuskurenmu yake: muna bin ta kamar masu gudun bashi, labule a rufe, ba ma sauka sai don salla. Wanda ba shi da takardar otel da ke jiransa yana iya yanka tafiyar gida uku ko huɗu. Ya sauka Dogonduci ya tambayi labarin Lugu, inda Sarauniya ta yi tsayayya da rundunar Voulet da Chanoine a 1899, ya ji shi daga bakin Arawa. Ya tsaya Galmi ya ga rumbunan albasar da sunanta ya kai har Abijan da Akara. In ya ji sha'awa a Ƙonni, ya ratse ta hanyar Tawa ya nemi ƙauyen Yama a yankin Illela, inda masallacin ƙasa da magini Falke Barmu ya gina ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Masana daga ƙetare sun rubuta a kansa, mu da ke wucewa kusa da shi da yawanmu ba mu san yana nan ba.

Daɗin irin wannan tafiya shi ne ranar kasuwa ce ke tsara ta. Ka iso Maraɗi aka ce maka gobe Juma'a, kasuwa na ci, sai ka ƙara kwana, da la'asar ka gangara tafkin Madarunfa. Ka iso Damagaram ran Alhamis, ka zaga Birni da fadar sarki, ka tuna cewa nan ne hedikwatar ƙasar kafin a mayar da ita Yamai a 1926. Wani ya ce maka kada ka koma sai ka ga kasuwar Mirriya ta Lahadi da tukwanenta. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da za ka same shi a cikin jadawalin da aka biya tun wata biyu baya, domin wanda ya ba ka shawarar a kan benci kuka haɗu, wajen mai shayi. Kuma duk jikar da ka kashe, ta shiga aljihun ɗan kabu-kabu, mai kilishi, mai saƙar tabarma.

Wannan ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Fataken da suka bi hanyar Gwanja don goro da ayarin da ke zuwa Bilma don gishiri ba su san otel ba, mai masauki suka sani. Har yau wuya ka shiga gari a kudancin ƙasar nan ka rasa ɗan uwan abokin makaranta ko surukin maƙwabci da zai shimfiɗa maka tabarma.

Za a ce mini ina batun tsaro? Tambaya ce mai nauyi, ba kuma zan raina ta ba. Harin Kure na watan Agustan 2020, inda aka kashe mutum takwas a wurin da ake zuwa kallon raƙuman dawa, yana nan a zukatanmu, kuma akwai sassan Tilaberi da Difa da arewacin Tawa da mai hankali ba zai je yawon buɗe ido ba a yanzu. Tafiyar da ba a tsara ba, ba tafiyar ganganci ba ce. A riƙe katin ɗan ƙasa, a bi umarnin hukuma, a guji tafiyar dare, a tambayi direbobin tasha kafin a ratse daga kwalta, domin sun fi kowa sanin halin da hanya ta kwana. In sun ce kada a bi, a canza gari. Mai tafiyar kansa ba ya asarar komai in ya canza.

Mai tsohuwa ko jariri a hannu, ko wanda likita ya ce ya kwanta, ya tafi otel ɗinsa, babu mai ganin baikensa. Maganata da matasa ce, da magidanta masu yaran da suka iya zana taswirar Nijar a aji amma ba su taɓa ganin dutsen Damagaram da ido ba. Kuɗin tikitin jirgin mutum ɗaya zuwa Dubai sun isa su kai iyali guda har Mirriya su dawo, da buhun albasa a saman mota.