Fargaba a Tseren Miƙa Sanda: Yadda Za Ka Sarrafa Ta

Ya kai ɗalibi, idan aka zaɓe ka cikin mutum huɗun da za su yi wa gidanku tseren miƙa sanda a gasar wasanni ta makaranta, kada ka yi mamaki in gabanka ya faɗi. Tafin hannunka zai yi gumi, bakinka ya bushe, zuciyarka ta riƙa bugawa da sauri. Ɗalibai da yawa sukan janye saboda wannan, har ma su ce ba su da lafiya. A ra'ayina janyewar nan kuskure ce. Fargaba ba ta nuna cewa ba ka cancanta ba, kuma ana iya koyon sarrafa ta kamar yadda ake koyon kowane darasi.

Da farko ka san abin da ke faruwa a jikinka. Idan mutum ya fuskanci babban al'amari, jikinsa yakan saki wani sinadari mai suna adirenalin. Shi ne yake sa zuciya ta ƙara bugawa, jini ya kwarara zuwa ga tsoka, numfashi ya ƙaru. Wannan shiri ne na gudu. Ashe ke nan abin da kake ji a bakin layi, jikinka ne yake ɗaura ɗamara. Matsalar takan zo ne idan fargabar ta hau kai, ta sa mutum ya manta abin da ya koya.

Me ya sa tseren miƙa sanda ya fi sauran tsere tayar da hankali? Dalili shi ne nauyin mutum uku yana wuyanka. A tseren mita 100 sau huɗu, kowane ɗan tsere yana gudun kimanin mita 100, sannan ya miƙa wa na gaba sanda. Tsawon sandar bai wuce santimita 30 ba. Dole ne a miƙa ta a cikin wani fili mai tsawon mita 30, alhali duka biyun suna cikin gudu. Idan aka miƙa ta a wajen filin, an kori ƙungiyar baki ɗaya. Sau uku ake yin wannan musaya, kuma a nan ne mai gaggawa yakan tashi tun lokaci bai yi ba, mai shakka kuma ya waiwaya ya rage gudu.

Wannan ba a kan ɗalibai kaɗai yake faruwa ba. A gasar Olamfik ta Beijin a 2008, sanda ta faɗi daga hannun 'yan tseren Amurka, maza da mata, tun a zagayen share fage. Cikin mazan har da Tyson Gay, wanda shi ne zakaran duniya a mita 100 a shekarar 2007. Gudunsu bai cece su ba.

Yanzu dubi Japan a gasar Olamfik ta Riyo a 2016. A lokacin babu ko ɗaya daga cikin 'yan tserenta huɗu da ya taɓa gama mita 100 ƙasa da daƙiƙa 10. Duk da haka sun gama a daƙiƙa 37.60, suka karɓi lambar azurfa a bayan Jamaika. Sirrinsu a fili yake: sun daɗe suna atisayen miƙa sanda tare, har hannun kowa ya san hannun ɗan'uwansa. Ƙasarmu ma tana da abin alfahari. A Basalona a 1992, mazan Nijeriya sun sami azurfa a wannan tsere, matan kuma, wato Beatrice Utondu da Faith Idehen da Christy Opara-Thompson da Mary Onyali, suka sami tagulla.

Darasin da na ɗauka daga waɗannan misalai shi ne, babban maganin fargaba shi ne shiri. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Abin takaici, a makarantu da yawa sai ana gobe gasa ake tara yara huɗu masu gudu a ce musu su ne ƙungiya. Yaya yaro ba zai ji tsoro ba, alhali bai taɓa karɓar sanda daga hannun abokinsa ba? Ku nemi malamin wasanni ya ba ku makonni kuna gwaji. In babu sanda, guntun icce mai santsi ya isa.

A wajen gwajin, ku tsayar da abubuwa uku. Na ɗaya, hannu: na farko ya riƙe sanda da dama, na biyu ya karɓa da hagu, na uku da dama, na huɗu da hagu. Na biyu, alama: mai karɓa ya auna taku da ƙafarsa ya sa alama a ƙasa, kada ya tashi sai mai kawowa ya iso kanta. Na uku, kira: mai karɓa ba ya waiwaye, sai ya ji kalma ɗaya da kuka yarda da ita, kamar "Hannu!", sannan ya miƙa hannunsa baya. Wanda ya maimaita wannan sau da dama, ranar gasa jikinsa zai yi aikin ko da zuciyarsa tana rawa.

A ranar kuwa, ka ja numfashi a hankali ta hanci, ka fitar da shi a hankali fiye da yadda ka ja. Yin haka sau biyar ko shida yana rage bugun zuciya. Kada ka tsaya kallon 'yan kallo ko ƙirar jikin abokan hamayya. Ka ba idonka aiki ɗaya, wato alamar da ka sa. Ka ba kunnenka aiki ɗaya, wato muryar abokinka. Zuciyar da ke da aiki ba ta da lokacin saƙe-saƙe.

Wani zai ce, "Ai faɗuwar gaba asarar namiji, mai tsoro ya ba jarumi wuri." Ban yarda da wannan fassara ba. Asarar tana ga wanda ya bar faɗuwar gaba ta hana shi aiki. Wanda ya ce ba ya jin komai, sau da yawa shi ne yake yin sakaci da alama. Wani kuma zai ce gudu shi ne komai. Lalle gudu yana da muhimmanci, amma yi wannan lissafi. Jamaika ta kafa tarihin duniya a Landan a 2012 da daƙiƙa 36.84. Idan ka raba huɗu, za ka sami 9.21, ƙasa da 9.58 da Usain Bolt ya kafa shi kaɗai a mita 100. Dalili kuwa shi ne mutum uku sun karɓi sanda suna cikin gudu. Wato a wurin musaya ake samun riba, a wurin kuma ake tafka asara.

To, in sandar ta faɗi fa? Doka ta yarda wanda ya yar da ita ya ɗauka a ci gaba, muddin bai tare wa kowa hanya ba. Saboda haka ka ɗauka, ku ƙarasa tseren. Bayan haka kada ku ɗora wa mutum ɗaya laifi, domin hannu biyu ne suke musaya. Tsoron zargi shi ne rabin fargabar ɗan tsere. Idan kun yi wa juna alkawari tun kafin gasa cewa nasara taku ce duka, faɗuwa ma taku ce duka, kun sauke wa kowa wannan rabin.

Saboda haka, idan aka kira sunanka a bana, ka amsa. Ka nemo abokanka uku, ku samo sanda, ku fara gwaji tun wannan mako.