GYARAN TSOHON OTEL DA DOKAR GOBARA: INA IYAKAR SASSAUCI?

Ranar 19 ga watan Janairu 2016, da sassafe, wuta ta tashi a benen ƙarshe na otel Ritz da ke birnin Pari. Tun shekara ta 1898 anka buɗe wanga otel, kuma fuskar gininsa ta girme shi da kusan shekara ɗari biyu. An rufe shi a watan Agusta 2012 domin gyara, aiki ya kusa ƙarewa ke nan wutar ta kama. Ba a rasa rai ba, don babu baƙi a ciki, amma buɗewar da anka shirya ta ja baya har watan Yuni.

Ba Ritz kaɗai abin ya shafa ba. A watan Oktoba 2016, otel Royal Clarence na garin Ekseta, a Ingila, wanda anka gina a 1769, ya ƙone ƙurmus. Wutar daga maƙwabta ta fito, daga wani gini da ake cikin gyara. Ranar 6 ga Yuni 2018, otel Mandarin Oriental na Landan ya kama wuta, ƴan kwanaki bayan an ba da sanarwar kammala babban gyaransa. Bincike ya ɗora laifin ga tartsatsin walda. Waɗanga gobara sun tado da tambaya guda: idan za a gyara tsohon otel mai tarihi, a tilasta masa bin dokar gobara kamar sabon gini, ko kuwa a yi masa sassauci? In za a yi, ina iyakarsa?

Doka biyu a kan gini guda

A Faransa doka biyu ke haɗuwa a kan irin wanga gini. Ta farko ita ce dokar kare gine-ginen tarihi ta ranar 31 ga Disamba 1913, wadda anka shigar cikin kundin dokokin kayan gado a 2004. Ginin da anka sa cikin jerin kayan tarihi, mai shi ba ya da ikon rushe shi ko canza shi sai da izinin hukuma. Ta biyu ita ce ƙa'idar kariya daga gobara a wuraren taruwar jama'a, ta ranar 25 ga Yuni 1980, wadda ta keɓe wa otel-otel babi na musamman.

Dalilin keɓewar a fili yake. Mai ciniki a kasuwa idonsa biyu, ya ga ƙofar da ya shigo. Baƙon otel kuwa barci yake yi, a ɗakin da bai saba da shi ba, bai san lungunan gidan ba. Kuma mafi yawan waɗanda gobarar cikin gida ke kashewa, hayaƙi ne ke gamawa da su tun kafin harshen wuta ya iske su. Saboda haka doka ke son matakalar bene ta zama killatacciya don kada hayaƙi ya cika ta, ƙofofin ɗakuna su iya tare wuta na wani lokaci, a sa na'urar gano hayaƙi da ƙararrawa, hanyoyin fita kuma su wadaci yawan mutane.

To, tsohon gini ba a yi shi da wanga lissafi ba. Matakalarsa ta katako ce, buɗaɗɗiya tun daga ƙasa har sama, kuma sau da yawa ita ce ƙawar gidan. Ƙofofinsa sassaƙa ce ta mutanen da. Idan anka ce a killace matakalar da bango, a tuge ƙofofin, a huda zanen rufi domin tiyon ruwa, abin da dokar tarihi ta ce a kare shi ne zai lalace. Idan kuma anka bar komai yadda yake, matakalar nan ita ce za ta zama bututun hayaƙi ranar da tsautsayi ya zo.

Sassauci iri biyu

Ƙa'idar 1980 ta buɗe ƙofa biyu. Ta farko tana cikin ayar da ake kira GN 10. Ginin da ke tsaye tun kafin dokar ba a tilasta masa sabbin ƙa'idojin gini ba. Idan anka yi gyara, ɓangaren da anka taɓa shi kaɗai ne za a daidaita da doka. Sai fa in gyaran ya ƙara hatsari ga gidan baki ɗaya, sannan hukuma tana iya neman ƙari.

Ta biyu tana cikin aya ta GN 4. Mai gini yana iya rubuta takardar neman a ɗauke masa wata ƙa'ida, ya faɗi dalili, ya kuma faɗi abin da zai yi a madadinta. Kwamitin tsaro, wanda jami'in sojojin kashe gobara ke ciki, shi ke duba takardar ya ba da ra'ayinsa, kana hukuma ta yanke shawara. Ayar ta gindaya sharaɗi guda mai nauyi: sassaucin kada ya rage kariyar da mutane ke samu in an bi doka yadda take.

Ma'anar wanga sharaɗi ita ce, sassauci musanya ne. Wanda ba zai iya killace matakalar tarihi ba, sai ya gina wata matakala ta biyu a bayan gida, ko ya sa na'urar gano hayaƙi a kowane ɗaki da kowane lungu, ko ya rage yawan gadaje a benen sama, ko ya ƙara masu tsaron dare da sunka koyi aikin, ko ya sa pampunan rufi masu yayyafa ruwa da kansu. Waɗanga pampuna kowane yana da ƴar kwalba a bakinsa. Zafi in ya kai wajen digiri 68 sai ta fashe, ruwa ya zuba. Na kan wutar kaɗai ke buɗewa, sauran suna nan rufe.

A takarda tsarin ya yi kyau. Amma ƙofa ta biyu tana neman musanya, ta farko kuwa ba ta neman komai. Otel yana iya shekara da shekaru ana yi masa fenti, ana canza gadaje da labule, ba a taɓa matakala ko cikin bango ba, kuma bai karya doka ba.

Abin da ya faru a Pari a 2005

Daren 14 zuwa 15 ga Afrilu 2005, otel Paris-Opéra, wani tsohon gini a tsakiyar Pari, ya kama wuta. Mutum 24 sunka mutu, 11 daga cikinsu yara ne. Yawancinsu iyalai ne ƴan Afirka da hukumomin agaji sunka saukar a wurin, kuma mutanen da ke kwana a gidan sun zarce adadin da anka yarda masa. Wutar ta taso daga kyandirori a wani ɗakin bene na farko. Matakala guda ce tak a gidan. Da hayaƙi da wuta sunka cika ta, na sama ba su da mafita sai taga.

Wanga otel ba ya cikin manyan gine-ginen alfarma, amma ciwonsa shi ne ciwon kowane tsohon gini. Bayan wagga masifa gwamnatin Faransa ta fitar da ƙa'idar 24 ga Yuli 2006, wadda ta shafi ƙananan otel-otel, har da waɗanda ke tsaye tun da. An ba su wa'adi zuwa 2011 su killace matakala, su gyara ƙofofi da ƙararrawa, su horar da ma'aikata. Wato hukuma da kanta ta yarda cewa tsufan gini bai isa hujja ba a wurin da mutane ke kwana.

Shari'ar Cameron House

Misalin da ya fi fito da batun fili daga ƙasar Sikotland ya zo, a arewacin Birtaniya. Cameron House tsohon gidan manyan mutane ne a bakin tabkin Lomond, yana cikin jerin gine-ginen da doka ta kare, daga baya anka mai da shi otel na masu hali. Da asubahin 18 ga Disamba 2017, wani ma'aikacin dare ya kwashe tokar murhu, ya zuba a leda, ya ajiye cikin wani ɗan ɗakin ajiya inda akwai ƙirare da jaridu. Tokar da sauran garwashi a cikinta. An fitar da baƙi fiye da 200, amma mutum biyu sun rasu.

Watanni kaɗan kafin haka, ma'aikatar kashe gobara ta riga ta yi wa otel ɗin kashedi kan ajiye kayan da ke saurin kamawa a wanga ɗan ɗaki. A watan Janairu 2021 kotu ta ci kamfanin tarar fam 500.000. A watan Janairu 2023 alƙalin da ya binciki musabbabin mutuwar ya fitar da sakamako. Ya nuna cewa wuta da hayaƙi sun bi ta ɓoyayyun kogunan da ke tsakanin bango da bango, da tsakanin rufi da daɓen bene, inda ido ba ya gani. Ya nuna cewa da akwai tsarin kwashe toka, da kuma pampunan rufi, da wataƙila ba a rasa rai ba. An kuma yi jinkiri wajen samun jerin sunayen baƙi, har anka jima ba a gane mutum biyu ba su fito ba. Alƙalin ya shawarci gwamnatin Sikotland ta duba wajabta pampunan rufi ga duk ginin tarihi da za a mayar otel nan gaba, ta kuma kafa kwamitin masana kan hatsarin ɓoyayyun koguna.

A nan ne gardamar take. Masu otel suna cewa kuɗin aikin yana da yawa, kuma tsohon ginin da ba ya kawo riba watsi ake yi da shi har ya faɗi, to ka ga tarihin ma ya tafi. Masu kula da kayan tarihi suna tsoron ruwa da tiyo su ɓata zane da katako. Maganar tasu tana da ƙamshin gaskiya. Sai dai ruwan da pampo guda ke zubawa bai kai ko kusa da wanda motocin kashe gobara ke kwararawa ba, kuma zanen da ya jiƙe ana iya gyara shi, wanda ya zama toka kuwa ya tafi ke nan. Baƙon da ya biya kuɗin ɗaki bai ga takardar sassaucin ba, ba a kuma shawarce shi ba, amma shi ne zai kwana a ƙarƙashinta.

Lokacin shantiye ya fi hatsari

Akwai wani giɓi da doka biyun nan ba su cike sosai ba, shi ne lokacin aikin kansa. A shantiye ana cire ƙofofi, ana huda bango, ana kashe na'urar gano hayaƙi saboda ƙura, ana jan wayoyin kuran na wucin gadi, ana walda kusa da katakon da ya shekara ɗaruruwa yana bushewa. Tartsatsi guda yana iya shiga kogon bango ya yi ta ci a ɓoye, sai dare ya yi, ma'aikata sun tashi, sannan ya bayyana. Ban da Ritz, haka anka gani a gidan Lambert na Pari a watan Yuli 2013, wani gidan alfarma na ƙarni na 17 da ake cikin gyara, inda tsohon zanen rufi ya salwanta. Majami'ar Notre-Dame ma tana cikin gyara ta ƙone, ranar 15 ga Afrilu 2019.

Maganin wanga sananne ne ga masu sana'ar: ba a kunna wutar walda sai da takardar izini, a kawar da duk abin da ke kamawa, a ajiye tukunyar kashe wuta a kusa, a kuma bar mai gadi yana duba wurin sa'o'i bayan an gama. Ba ya cin kuɗi mai yawa. Kulawa yake ci.

Abin lura ga Nijar

Batun bai yi nisa da gida ba. Tun 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin Agadas cikin kayan gadon duniya, kuma a can ne, daura da babban masallaci, anka mai da gidan da Kawsan ya zauna otel. Bangon ƙasa ba ya cin wuta, amma azara da tabarmin rufi suna ci, tsofaffin soraye kuma ƙofa guda gare su, lungunan unguwa ba su ɗaukar babbar mota. Mutanen Yamai ba su manta da gobarar babbar kasuwa ta 1982 ba.

Saboda haka jami'in da takardar neman sassauci ta iso teburinsa, ko magajin gari ne ko ma'aikacin gine-gine, tambaya huɗu ya kamata ya yi kafin ya sa hannu. Wace ƙa'ida ake son ɗaukewa? Me anka kawo a madadinta? Mutum nawa za su kwana a ciki, kuma ta ina za su fita in ƙofar farko ta toshe? Wa zai riƙa dubawa bayan an buɗe? Takardar da ba ta amsa waɗanga huɗu ba, a mayar wa mai ita ya cika ta. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane, kuma wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, ya shafa wa nasa ruwa.