Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa



A kasuwannin Gombe, saurayi kan miƙa wayarsa a tura masa finafinan Kannywood da 'yan canji, furodusan da ya zuba dukiyarsa kuwa bai ga ko sisi ba. Wannan cuta ce, kuma dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2023 ta ba Hukumar ikon toshe shafukan masu satar fasaha.

Sai dai Gombawa ba su manta da rufe Twitter na wata bakwai daga Yunin 2021 ba. Masu talla ta intanet sun ji a jikinsu.

Saboda haka, don Allah Hukumar ta riƙa bayyana dalili kafin ta toshe shafi, ta kuma zaunar da masu tura finafinai da furodusoshi su daidaita a kan lasisi mai sauƙin kuɗi.

Wassalam.