Bindigar Iska A Gindin Rumbu

In kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu, manomi bai huta ba tukuna, gama sa'an nan ne ɓera ke fara tasa kakar. A Gidan Goga ta ƙasar Maradun, da ƙauyukan Bakura da na Talata Mafara, ba maigidan da bai san wannan ɓarna ba. Dami yana rumbu, amma ran da aka fitar da shi sai a tarar da ƙaiƙayi da kashin ɓera. Yawancin mutane guba suke sa wa, guba kuwa ba ta da ido, takan kashe kaji da kyanwa, wani lokaci har yaro mai rarrafe ya kai hannu.

Akwai wani makami da manoman wasu ƙasashe suka daɗe suna yi wa ɓera aiki da shi, watau bindigar iska mai sifirin. Ya kamata manoma su san ta sosai tun kafin wani ɗan kasuwa ya zo ya zuga su da ita, domin tana da amfani na gaske, amma amfanin nata a gindin rumbu ya tsaya.

Ita wannan bindiga ba ta cin albarushi. A cikinta akwai sifirin mai ƙarfi da fistin, kamar famfon ba keke iska. Mutum ya karya bakinta ƙasa, sifirin ya matse ya maƙale, ya sa ƙwayar dalma guda ɗaya a bututun, ya rufe. Da ya taɓa kunama sai sifirin ya saki, fistin ya tunkuɗa iska, iskar ta fitar da ƙwayar. Ba wuta, ba hayaƙi. Ba sabon abu ba ne, kamfanin BSA na Birmingham a Ingila ya fara ƙera irinta tun 1905, Jamusawa kuma suna da Diana da Weihrauch. Ƙwayar iri biyu aka fi sani, mai faɗin milimita 4.5 da mai 5.5. Ƙaramar, nauyinta wajen rabin giram ne, kusan kamar gyaɗa ɗaya.

To, masu saye sukan tambayi wadda ta fi ƙarfi, nan kuwa suke yin kuskure. Ga manomi, mara ƙarfin ita ce ta ƙwarai. A Jamus akwai wata iyaka da doka ta yanka, awo bakwai da rabi na ma'aunin ƙarfi da ake kira jul. Bindigar da ta tsaya a nan tana tura ƙaramar ƙwaya wajen mita 170 a daƙiƙa guda, wannan kuwa ya ishi ɓera a tazarar taki goma zuwa goma sha biyar. Me ake nema da ya wuce haka? Ba wanda ke harbin ɓera daga bakin gari.

Mai sifirin ƙato tana da wuyar ɗanawa, tana kuma zabura a hannu tun ƙwaya ba ta fita ba, sai saiti ya kauce. Mara ƙarfi kuwa dattijo ma yana karya ta ba nishi, inda ya auna nan take zuwa. Ƙwayarta kuma ba ta tafiya nesa ainun in an kuskure, ba kamar harba-ka-ruga ba, wadda in ta tashi sai ta watsa ƙarafa ko'ina, wani lokaci ma ta fashe a hannun mai ita, ko tartsatsinta ya kama jinka.

Babban abin yabo gare ta shi ne rashin ƙara. Ƙararta ba ta wuce a buga murfin akwati ba. Ɓera ɗaya ya faɗi, sauran su ɓuya kaɗan su komo. Amma a ƙasar Maradun maganar ta fi ta ɓera. Gundumar Gidan Goga ta ga harin 'yan bindiga a 2018, aka yi hasarar rayuka, ƙasar Zamfara kuwa ta sha irin wannan a shekarun da suka biyo. Garin da ya ga haka, in bindiga ta tashi da dare, mata sai su goyi 'ya'ya su nufi daji, tsofaffi su faɗi a duhu. Wanda ya tayar wa gari hankali saboda ɓera ya yi laifi babba, ko da kuwa ya kashe ɓeran.

Harbinta yana da tasa dabara. Ba a ƙanƙame ta, a ɗora gabanta a tafin hannu sakwa-sakwa, a bar ta ta yi motsinta, kullum kuma riƙo iri ɗaya. Kada a ɗora ta kai tsaye kan katanga ko dutse, sai an sa hannu ko tsumma a tsakani. Mai koyo ya fara da gwangwanin madara a jikin tarin ƙasa, sai ya iya samun murfin kwalba a taki goma sa'an nan ya juya kan mai rai. A kai ake harbi. Dabbar da aka ji wa ciwo ta gudu ta mutu a rami ƙarƙashin rumbu, an zalunce ta, ga kuma wari.

Iyakarta ke nan: ɓera, da kurciya ko hasbiya in sun sauka kusa a masussuka. Gafiya ma sai a kusa ƙwarai. Zomo da zabon daji da biri sun fi ƙarfinta. Masu noman rani a filayen Bakolori, waɗanda ke samun ruwa daga madatsar da aka gama a kan gulbin Sakkwato a 1978, kada su sa rai za ta raba su da jan baki. Tsuntsun da ke sauka kan shinkafa kamar hadari, dubu bisa dubu, ina amfanin ƙwaya ɗai-ɗai a kansa? Kafin a sake ɗanawa sun cinye zangarniya ɗari. Wannan aikin masu kora ne da gwangwani da igiya da raga, in ya yi yawa kuma sai feshin hukuma.

Saura maganar da ta fi duka nauyi. Bindigar iska ba ta tsare gida. Daga nesa kamarta ɗaya da bindigar gaske, amma ba ta tsai da mutum. Wanda ya rataya ta ya nufi gona a ƙasar Maradun ya ɗauki kamannin mai faɗa ba tare da ƙarfin faɗa ba. Ɗan bindiga ya hango shi ya ɗauka ɗan banga ne, soja ya hango shi ya ɗauka ɗan bindiga ne, ba kuwa wanda zai tsaya tambaya ko ta iska ce. Saboda haka ba ta fita ƙofar gida, ba a ɗaure ta a babur, ba a ba saurayi ya yi yanga da ita a dandali.

Doka ma ba ta ɗauke ta abin wasa ba. A Jamus wanda ya kai shekara 18 yana sayen mara ƙarfin nan ba lasin. A Nijeriya ba haka ba ne. Dokar bindigogi ta 1959 ta jera bindigar iska a layi ɗaya da bindigar farauta mai harsashi, ba a riƙe ta sai da lasin daga Sufeto Janar na 'yan sanda, ba a kuma ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai raunin gani, ko mai taɓin hankali. A 2022 gwamnatin Zamfara ta ce wa jama'a su nemi izinin riƙe bindiga don kare kai, manyan jami'an tsaro suka ƙi yarda, a 2023 kuma Sufeto Janar ya ba da sanarwar dakatar da ba da lasin. Mai sha'awa ya fara zuwa ofishin 'yan sanda ya ji matsayin da ake ciki kafin ya fid da ko sisi. In an ce babu lasin, magana ta ƙare, ya koma ga kyanwa da tarko, ya ɗaga rumbunsa kan duwatsu, ya share ciyawar kewaye, ya yaɓe ramuka. Da ma ko mai bindigar ba ya wadata ga barin waɗannan. Ya kyautu dai hukuma ta duba ko daidai ne abin kashe ɓera ya bi ƙofar lasin ɗaya da bindigar harsashi, amma kafin ta duba, doka tana nan yadda take.

Wanda ya riga ya mallake ta bisa ƙa'ida, ya kiyaye abubuwa kaɗan. Kada ya harba ta ba ƙwaya a ciki, fistin zai daki ƙarfe ya lalace. Kada ya ɗiga mata man inji ko man gyaɗa a ramin iska, gama zafin matsi yana kunna man, ya ƙone robar fistin, har sifirin ya karye. Kada ya bar ta a ɗane ta kwana. Sa'ad da yake sa ƙwaya ya riƙe bakin da hannu ɗaya, don in ya kuɓuce ya rufe yana datse yatsa. Lokacin hunturu a naɗe ta cikin zane saboda ƙura. Ƙwayar nan, ƙanƙantarta duka, tana fasa ido, tana kuma dawowa in ta bugi dutse ko turmi, don haka a duba abin da ke bayan ɓera kafin a taɓa kunama, a ajiye bindiga wuri ɗaya, ƙwaya wuri dabam, inda yara ba su kaiwa.

Ba a harbi a cikin rumbu ko kan shanya, domin dalma guba ce in ta shiga gari. Ɓeran da aka kashe kuma kada a ɗauke shi da hannu. Zazzaɓin Lasa, wanda aka fara ganewa a garin Lasa ta ƙasar Borno a 1969, daga fitsari da kashin wani irin ɓeran gida yake kama mutane. A kwashe shi da shebur ko fartanya, a binne shi da zurfi nesa da rijiya, a wanke hannu da sabulu.