Ainu Shams: Birnin Da Alƙahira Ta Haɗiye

A unguwar Matariyya, arewa maso gabashin Alƙahira, akwai wani ginshiƙin dutse mai tsini, tsawonsa kimanin mita 20, tsaye shi kaɗai gidaje sun kewaye shi. Fir'auna Sanusret na Ɗaya ne ya kafa shi kusan shekara 4,000 da suka shuɗe. Shi ne abin da ya rage a tsaye daga birnin da Misirawan dauri ke kira Iyunu, Girkawa suka raɗa masa Heliyofolis, wato birnin rana, Larabawa kuma suka ce Ainu Shams.

A aƙidar mutanen wancan zamani, a nan halitta ta faro: wani tudu ya ɓullo daga cikin ruwa, abin bautarsu Atum ya bayyana a kansa. Nan ne cibiyar bautar rana, wadda suke kira Ra, har sarakuna suka riƙa yi wa kansu laƙabi da ɗan Ra domin halatta mulkinsu. Limaman haikalin kuwa sun shahara da nazarin taurari da lissafin lokaci. Attaura ma ta ambaci garin da sunan On.

To, me ya ci wannan birni? Lokacin da masanin nan Sitirabo ya ziyarce shi, gab da zamanin Annabi Isa (AS), ya tarar da kufai, domin ilimi da sarauta sun riga sun yi ƙaura zuwa Iskandariyya. Daga nan aka shiga kwasar ganima. Rumawa suka ɗebi ginshiƙai zuwa birnin Rum. Wasu biyu na Tutmos na Uku suka bi ta Iskandariyya, ɗaya aka kafa shi a Landan a 1878, ɗaya a Niyok a 1881. A 640, sa'ad da rundunar Amru bin Al-As ta karya Rumawa a wannan fili, ba sauran birni sai suna. Bayan nan magina Alƙahira suka mayar da haikalin wurin ɗibar dutse.

Mai karatu ya lura, watsewar malamai ce ta fara kashe garin, rushewar gini daga baya ta biyo.

A 2017 an tono gutsattsarin katafaren mutum-mutumin Fir'auna Samatik na Ɗaya daga cikin taɓo a Matariyya. Sauran tarihin yana ƙarƙashin benaye, ruwan ƙasa na cin sa, gine-gine na ƙara danne shi. Abin da masu tono ba su cim masa yanzu ba, da wuya na baya su same shi.