Ɗaura Ƙugiyarka da Hannunka

Ya kai ɗalibi, babu teku a Yerimaram, haka ma duk ƙasar Potiskum. Amma a Jihar Yobe akwai masunta a Gashuwa, a bakin kogin Yobe, da kuma fadamun Nguru. Akwai darasi a sana'arsu.

Tsakanin doguwar igiyar fatsa da ƙugiya akwai wani guntun zare. Shi ne yake gogar dutse da saiwa da haƙoran kifi. Idan ya tsinke, kifi ya tafi, wahalar yini ta zama banza. A ganina, ya kamata mai kamun kifi ya haɗa wannan zare da kansa, maimakon ya sayi haɗaɗɗe.

Dalili kuwa, kowane kifi da halinsa. Zaren roba mai kauri ya isa ya riƙe tarwaɗa. Tsage kuwa haƙoransa kaifi gare su, sai siririyar waya. A bakin tekun Legas gishiri yana cin ƙarfe, don haka ake wanke ƙugiya da ruwan daɗi. Mai sayarwa bai san ruwan da za ka shiga ba.

Wani zai ce saye ya fi sauƙi. Gaskiya ne, amma kayan aro ba ya rufe katara. Ƙulli ne wuri mafi rauni a igiya. Ka jiƙa shi kafin ka tsuke, domin zafin guga yana raunana roba. Sannan ka ja shi da ƙarfi tun kana tudu. Gara ya tsinke a hannunka da ya tsinke a bakin kifi.